Yadda ake saita uwar garke ta yi magana da na'urar PLC ta Modbus TCP

A masana'anta ko tashar tura ruwa, na'urar PLC ce ke kunna injina da kashe su, ita kuwa uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar SCADA, aikinta shi ne ta riƙa tambayar na'urar halin da ake ciki tana nuna wa ma'aikaci a allo. Ɗaya daga cikin harsunan da aka fi haɗa su da shi shi ne Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a shekarar 1979, nau'insa da ke bin wayar sadarwar kwamfutoci kuwa shi ake kira Modbus TCP.

Da farko a ba kowace na'ura adireshin IP tabbatacce, misali 192.168.10.5 ga uwar garke da 192.168.10.20 ga PLC, dukansu da subnet mask, wato lambar da ke nuna na'urorin da ke layi ɗaya, 255.255.255.0. Kada a bar DHCP, tsarin da ke ba na'urori adireshi da kansa, ya raba adireshi, domin idan aka ɗauke wuta aka maido, PLC na iya tashi da sabon adireshi alhali uwar garke tana can tana ƙwanƙwasa tsohon. A gwada umarnin ping daga uwar garke, don a ga ko PLC za ta amsa. In babu amsa, a koma kan waya da suwic, akwatin da wayoyin sadarwa ke haɗuwa, kafin a ci gaba.

Daga nan a buɗe sabuwar hanyar sadarwa a manhajar, a zaɓi Client, domin a tsarin Modbus mai tambaya ne ke ɗaukar wannan suna, ko da kuwa shi ne babbar kwamfutar gidan. A sa ƙofa (port) ta 502, a kuma tabbatar katangar tsaro (firewall) ba ta toshe ta ba. Idan na'urar tana kan layin RS-485, wani nau'in wayar sadarwa dabam, bayan wata gada da ke haɗa shi da layin kwamfutoci, a rubuta lambarta a gurbin Unit ID, tsakanin 1 da 247.

Inda gizo ke saƙa shi ne jadawalin rajista, wato guraben da PLC ke ajiye ƙimomi a ciki. Rajistar da takardar kamfani ta kira 40001, a kan waya adireshinta 0 ne, domin takarda daga 1 take fara ƙirge, waya kuma daga 0, kuma wasu manhajoji suna cire ɗayan da kansu, wasu ba sa cirewa, sai mutum ya wayi gari yana karanta maƙwabciyar rajistar da yake nema. Sannan kowace rajista bit 16 ce kawai, saboda haka lamba mai ɗigo ta bit 32 tana cin rajista biyu, kuma kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan wadda za ta gabata ba. Idan jerin ya juye, tankin da ruwansa ya kai mita 2.5 zai nuna sifili a allo, alhali sadarwa lafiya lau take. Maganinsa shi ne a karanta ƙima ɗaya da aka sani da ido, a daidaita jerin, kafin a shigar da sauran.

Tambaya sau ɗaya a daƙiƙa ta wadatar ga ma'aunin ruwa ko zafi, a ganina. Yawan tambaya gajiyar da PLC kawai yake yi. Lokacin jiran amsa daƙiƙa ɗaya da maimaitawa sau 3 sun isa a fara da su.

Umarnin rubutu, wato aika wa PLC sabuwar ƙima, shi ne na ƙarshe da za a gwada, kuma sai an katse wutar injin tukuna. Modbus ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya isa ƙofa ta 502 zai iya kunna famfo, don haka a raba wannan layi da intanet ɗin ofis, sannan a adana kwafin saitin a wani wuri dabam.