Yadda za ka lissafa faɗuwar boltej da wayar hannu kafin ka sayi kebul

Yawancin masu wayarin a garin nan na Kaduna da ido suke zaɓen kebul, oga ya kalli aiki ya ce a sayo mai kaurin 2.5 mm² kawai, shi ke nan. A cikin ɗaki hakan na iya wucewa, amma da zarar tafiya ta yi nisa, kamar sabbin gidajen Millennium City ko can cikin Rigasa inda falwaya take nesa da gida, ko bohol ɗin da aka haƙa a ƙarshen fili, to wutar da ta baro mita ba ita ke isa ba, wani kaso ya ƙone a hanya ya zama zafi, sai ka ga sumo, injin jan ruwa na cikin bohol, na gurnani, kwan fitila na yin ja, a ɗora wa NEPA laifi alhali kebul ne ya yi siriri.

Wannan asarar ita ce faɗuwar boltej, kuma akwai manhajojin da ke lissafa ta. Ka shiga Play Store ka rubuta voltage drop calculator, suna da yawa kuma na kyauta ma ya isa. Ni dai na fi son wanda ke aiki ba data, don a wurin aiki ba kullum ake samun sabis ba.

Farkon abin da za ka gyara shi ne ma'auni. Da yawansu 'yan Amurka ne suka haɗa, za su buɗe maka da AWG, ma'auninsu na kaurin kebul, da ƙafa da boltej 120, mu kuma a nan mm² muke saye, mita muke aunawa, wutarmu 230 ce a singul fes, 400 zuwa 415 a tiri fes. In ba ka canza wannan ba duk lissafin shirme ne. Daga nan ka zaɓi AC (wutar NEPA) ko DC (ta batir), ka zaɓi irin ƙarfen, kofa ko alminiyam, don alminiyam ya fi kofa tauye wuta da kusan kashi 60 cikin ɗari a kauri ɗaya. Sai amfiya, wato yawan wutar da injin ke ja, wannan kar ka yi hasashe malam, ka duba jikin injin akwai ɗan farantin da aka rubuta.

Wurin tsawo nan ne mutane ke faɗawa rami. Wuta zuwa take ta dawo, wato waya biyu take bi, yawancin manhajojin tsawon zuwa kaɗai suke so su ninka da kansu, wasu kuma kai za ka ninka. Ga yadda za ka gane naka: saka kofa 2.5, amfiya 10, mita 100, singul fes. In ya ba ka tsakanin bolt 14 da 18 to yana ninkawa, in ya ba ka 7 zuwa 9 sai ka riƙa ninka tsawon da hannunka. Kuma in bohol ne ka haɗa da zurfin da sumo ya sauka, ba daga ɗaki zuwa bakin rijiya kawai ba.

Mu ɗauka sumo ɗinka na jan amfiya 10, tafiyar duka mita 70 ce. Da 2.5 za ka rasa wajen bolt 12.6, sama da kashi 5 kenan. Ka koma 4 zai sauko 7.7, ka koma 6 ya zama 5.1. Ƙa'idar BS 7671 ta Ingila, wadda masu aikin wuta a nan suka fi bi, ta ce kar a wuce kashi 3 a fitilu, kashi 5 a sauran kaya, wato bolt 6.9 da 11.5 a kan 230. To amma fa wannan lissafin an ɗauka wutar ta zo cike ne, mu kuwa mun san yadda take zuwa lo da yamma lokacin zafin Maris da Afrilu, ga injin kuma lokacin tashi yana jan ninkin abin da aka rubuta sau da yawa, shi ya sa ni in lissafi ya tsaya dab da iyaka gaba nake ƙarawa, kuɗin 4 bai kai na sake naɗin koyil ɗin sumo da fito da shi daga rami ba.

Masu sola ku naku ya fi tsanani. Kashi 3 na bolt 12 bai wuce 0.36 ba, na 24 kuma 0.72, ga inbata mai wat 2000 a kan 24 na jan sama da amfiya 80, don haka batir ya zauna kusa da inbata, kebul gajere mai kauri.

Abu ɗaya da manhaja ba ta gani shi ne jabun kebul. Ita ta yarda 4 ɗin da ka rubuta 4 ne, a kasuwa kuwa akwai wanda roba ce ta yi ƙiba, akwai alminiyam da aka shafa wa ruwan kofa, ka kankare bakinsa da wuƙa a shago in ka ga fari ya leƙo ka ajiye musu kayansu. Bayan an gama aiki a kunna injin, a auna boltej da na'urar awon wuta a farkon layi da kuma inda kebul ya shiga rijiya, bambancin ya zo kusa da abin da manhaja ta ba ka na wannan tsawon. In ba sana'arka ba ce wannan awon ka bar wa mai wayarin, layin a kunne yake.