Kurakuran hutu da guzuri a Hanyar Afalachiya

Hanyar Afalachiya a Amurka ta kai kusan kilomita 3,500, daga dutsen Springer a Jojiya zuwa dutsen Katahdin a Meyin, ta ratsa jihohi 14. Masu taka ta da jakar goyo kan yi wata 5 zuwa 7, kuma cikin mutum huɗu da suka ɗaura niyya, kusan ɗaya ke kaiwa ƙarshe. Duk bazara sababbin shiga na maimaita kurakurai iri ɗaya, yawancinsu a kan yadda ake yada zango a gari.

Babba cikinsu ƙin hutu da wuri. Mutum ya fito da zafinsa, ya ci kilomita 25 kullum tun makon farko, yana ganin kwana a gari asarar lokaci ce. Abin da bai sani ba, tsoka na saurin sabawa da wahala, amma agara da ƙashi sai a hankali. Numfashi na cewa a ci gaba, gwiwa da ƙwauri kuwa suna tara ɓarna a ɓoye. Ranar da ciwo ya fito fili, hutun kwana ɗaya ba ya isa, sai sati biyu ko komawa gida. Wannan ganganci ne, ba jarumta ba. Ni dai tsarina kilomita 12 zuwa 15 a makonni biyu na farko, sannan cikakken hutun yini duk kwana 7 zuwa 10, ko da ba inda ke ciwo. Ciwon da ke wuri ɗaya a ƙashi, yana ƙaruwa da tafiya, na likita ne.

Shi ma hutun ana ɓata shi. Wanki, kanti, gidan waya, gyaran tanti, duk a ranar, da ƙafa, a kan kwalta. Ina hutu a nan? Ka kwana kilomita 5 zuwa 8 kafin gari, ka shiga da hantsi, ka gama hidimarka a ranar. Washegari ka miƙe ƙafa a sama, ka bar bororo ya sha iska. In kuɗi sun yi ƙasa, ka fita da yamma ka kwana a daji, don ɗaki da gidan abinci su ke cinye aljihu.

Kuskure na biyu da ke ba ni takaici shi ne ɗaure abincin wata shida a kwalaye tun daga gida, a riƙa aiko su gidajen waya. Haba! Wa ya san abin da bakinsa zai so bayan wata biyu? Za ka ga mutum ya buɗe kwali na goma, hatsin da ya ginshe shi tun Jojiya ne a ciki, ya zuba a akwatin da matafiya ke barin abin da ba sa so, ya je kanti ya sake saye. Ga kuɗin aike, ga kuma ɗaure kai: gidan waya ba ya buɗewa Lahadi, a ƙananan garuruwa Asabar ma rabin yini ne. Ka iso Asabar da la'asar, kai da kwalinka sai Litinin. A mafi yawan hanyar ana samun kanti duk kwana 3 zuwa 5. A Hot Springs da Damascus hanyar ta tsakiyar gari ta bi. Kwali na mai shan magani ne, ko mai abinci na musamman, ko wurin da ba kanti sosai.

Lissafin guzuri kuwa ba wuya: giram 700 zuwa kilo 1 a yini, sau yawan kwanaki, a ƙara cin dare ɗaya. A zaɓi mai maiƙo, kamar man gyaɗa, cuku, gyaɗa, man zaitun a kan taliya.

Kada ka shiga kanti da yunwa, ci tukuna. Juye komai a leda, ka bar kwali da kwalba a bakin kanti. Musulmi ya karanta jikin fakiti, ana samun naman alade da jelatin inda ba a zata ba, kilishi kuma ba a barin shiga da shi Amurka. Kada ka sayi takalma huɗu tun farko, ƙafa na buɗewa, kowane kuma kilomita 600 zuwa 800 yake yi. Wanke hannu da sabulu a masauki, man tsaftace hannu ba ya maganin ƙwayar amai da gudawa da ke yawo a can. Duba hammata da bayan gwiwa saboda kaska mai jawo cutar Lyme.

Sai garin Monson a Meyin, inda sabon da aka yi na ɗaukar guzurin kwana 4 ke cutar da mutane. Daga nan kusan kilomita 160 ne ba gari har gadar Abol Bridge, allon bakin hanya ma na gargaɗin a ɗauki abincin kwana 10. Mai ƙarfin ƙafa na iya yi a kwana 6 ko 7, amma ruwan sama kan cika rafukan da ake tsallakawa da ƙafa, a zauna jira. Ka kuma lissafa ranakun hutunka tun daga jihar Bajiniya, domin bayan 15 ga Oktoba hawan Katahdin ba shi da tabbas.