Yadda za ka sayi jak ɗin ɗaga babur na hannu

Tsugune a ƙasa kana juyen baƙin mai ko ɗaure sarƙa yana cinye baya. In ka yi niyyar sayen jak, wato teburin ɗaga babur, na hannu (wanda wani ya riga ya yi amfani da shi), a Ƙofar Ruwa ta Kano ko wajen wani bakanike, ga yadda za ka bi.

1. Nemi wanda ake takawa da ƙafa. Mai aiki da iska sai da kwamfaresa, mu kuwa a ƙauye ina wutar?

2. Karanta nauyin da aka rubuta a jikinsa. Yawancin teburan suna ɗaukar kilo 450, Boxer kuwa bai kai 150 ba.

3. Kada ka biya sai ka ɗora babur a kai. Taka shi har ƙarshe, ka bar shi minti goma kana kallo. In yana sauka da kansa a hankali, ko ka shafa yatsa a gindin silindar, wato bututun man da ke ɗaga teburin, ka ji mai, robar ciki ta mutu. Ana canjawa, amma a rage kuɗin. Mai sayarwa zai ce maka mai ne kawai ya yi ƙasa. Kowa haka yake cewa.

4. Leƙa ƙarƙashi ka duba walda. Sabon fenti a wuri ɗaya tak, tsagewa aka rufe. In babu ƙarfen kullewa da ke tare teburin, haƙura da shi ko kyauta ne.

5. A gida, girka shi kan daɓen siminti, ƙasa tana lotsawa da damina. Man jak za ka zuba masa, man birki yana cinye robar.