Yadda za ka yi idan allurar kashe zafi ta tayar maka da kumburi bayan kwana biyu

Ƙanwata ce ta yanke a hannu da wuƙa tana yankan kaza, muka kai ta wani asibiti nan Tudun Wada aka yi mata allurar kashe zafi aka ɗinke, lafiya lau muka dawo gida. Sai da aka kwana biyu wurin ya yi ja ya kumbura, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso zagaye da inda allurar ta shiga, ga ƙaiƙayi har ta kasa barci, kowa a gida na cewa ai ɗinkin ne ya ruɓe. Ashe jikinta ne bai karɓi maganin ba. Irin wannan alajin ba ya zuwa nan take, yakan ɗauki awa 24 zuwa 72 kafin ya nuna kansa, shi ya sa mutane ba sa danganta shi da allurar sam.

Toh abu na farko ka duba numfashi. In leɓe ko harshe ko maƙogwaro na kumbura, ko numfashi na yin wuya, ko jiri, kada ka tsaya neman kemis, a wuce sashen gaggawa yanzu yanzu.

In ba haka ba ne sai ka kalli wurin da kyau. Ciwon da ƙwayar cuta ta shiga zafi yake yi yana zogi, ga mugunya, wani lokaci da zazzaɓi. Na alaji kuwa ƙaiƙayi ne ya fi yawa, fatar ta yi ja da ƙuraje kamar an zana iyaka. Ɗauki hoto da wayarka safe da yamma, wallahi wannan hoton ya fi dogon bayani a gaban likita, domin kafin ka samu ganinsa wataƙila ya fara bajewa.

Sai ka koma inda aka yi maka allurar ka nemi sunan maganin a rubuce, nan ne mutane ke jin nauyi kuma nan ne komai yake. Ƙanwata cewa ta yi "Sista don Allah ki rubuta min sunan abin da aka sa min", aka rubuta lidocaine, wanda aka fi amfani da shi wajen ɗinki da cire haƙori da sa robar tazarar haihuwa a hannu. Magungunan nan gida biyu ne, akwai su lidocaine da bupivacaine, akwai kuma su benzocaine da procaine, kuma wanda gida ɗaya bai karɓe shi ba sau da yawa ɗayan na karɓarsa. Ka tambayi har abin da aka goge fatar da shi da filastar da aka manna da safar hannun roba, don su ma suna jawo irin wannan kumburin, a ɗora wa allura laifin banza.

A gida ka dinga ɗora tsumma mai sanyi, kada ka sosa, kada ka shafa man zafi ko toka. Likita kan ba da man hydrocortisone da Piriton don ƙaiƙayin, amma man ba a kan ɗinkin kansa ake sa shi ba. Ka kuma duba kwalin man basir ko maganin ciwon haƙori na shafawa in kana amfani da su, wasu na ɗauke da benzocaine ko lidocaine.

In ya warke ka nemi a tura ka wurin likitan fata a babban asibiti irin Barau Dikko a Kaduna ko Shika a Zariya. Akwai gwajin da ake manna maganin a gadon baya, a cire bayan awa 48 a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ƙanwata yanzu takardar sunan maganin na cikin jakarta tare da katin asibiti, ranar da za a cire mata haƙori ita ta fara miƙa wa likita kafin ta zauna a kujera.