Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa kan ƙwayoyin gadon HIV

Duk wanda ke duba takardun jarrabawar ɗaliban likitanci ko na ɗakin gwaje-gwaje ya gaji da amsar nan: "HIV na da ƙwayoyin gado uku, gag da pol da env, sauran kuma ciko ne." Tara ne a HIV-1, jere a kan zaren RNA mai haruffa kusan 9,700, kuma kowane bairos na ɗauke da kwafi biyu na zaren. Lissafin da sauƙin gyarawa. Kalmar "ciko" ɗin ce ke ɓata rai.

Waɗanda ku ɗalibai kuke rainawa, vif da vpu da nef da vpr, su ne makaman da bairos ke karya garkuwar jiki da su. An ɗauke su da wasa a farko ne saboda bairos ɗin da aka cire masa su yakan hayayyafa a wasu tantanin ɗakin gwaji da ba su da kariyar da jikin mutum ke da ita. A jiki kuwa labari daban ne. Tantanin garkuwa na da wani furotin, APOBEC3G, wanda ke laɓewa cikin sabon bairos yayin da ake harhaɗa shi. Idan bairos ɗin ya shiga tantani na gaba ya fara kwafar kansa, sai APOBEC3G ya riƙa mayar da harafin C zuwa U, har saƙon ya cika da kurakurai ya tashi daga aiki. Aikin vif shi ne ya sa a markaɗe APOBEC3G tun kafin ya laɓe. Ku lura da wurin: a tantanin da ke fitar da bairos vif yake aiki, ba a wanda za a shiga ba. A nan mafi yawanku ke zubar da maki.

Shi kuma BST-2, wani furotin na tantanin mutum, yana ɗaure sabon bairos a fatar tantani kamar akuya a turke, vpu ne ke kwance igiyar. Nef yana janye MHC-I, alamar da ke nuna wa garkuwa abin da ke cikin tantani, daga fatar tantani zuwa ciki, don haka tantanin CD8 masu kisa su zo su wuce ba su gane akwai ɓarawo a gidan ba. A Sydney ta Ostareliya an samu mutanen da suka kamu ta ƙarin jini daga mutum ɗaya wanda bairos ɗinsa ke da nakasasshen nef, suka yi shekaru masu yawa babu magani kuma kanjamau bai bayyana ba. Wai wannan ne ciko? Ni dai dabarata ita ce ja layi a tsakiyar takarda: hagu makamin bairos, dama abin da yake yaƙa. Wanda ya haddace vif bai haddace abokin gabarsa ba, bai karanta komai ba.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, don kowa na ganin ya iya. "gp120 ya kama CD4, bairos ya shiga." Ina! Ƙofar makulli biyu gare ta. Kama CD4, furotin da ke fatar tantanin garkuwa, yana sa gp120, furotin da ke bayan bairos, ya sauya siffa ne kawai, ya buɗe wurin da zai kama makulli na biyu, CCR5 ko CXCR4. Sai bayan haka gp41, furotin bairos da ke ƙarƙashin gp120, ya miƙe ya soki fatar tantani, ya lanƙwashe ya jawo fatun biyu su haɗe. Sannan don Allah ku daina jera CCR5 cikin ƙwayoyin gadon bairos, na ɗan Adam ne. Mutanen da suka gaji CCR5 mai giɓin haruffa 32 daga uwa da uba, kusan ɗaya cikin ɗari a arewacin Turai, da wuya bairos mai bin wannan ƙofa ya kama su. A Afirka da wuya a ga wannan giɓi. Daga mai irin wannan gado aka ɗauko tantanin jinin da aka dasa wa Timothy Ray Brown, mutum na farko da ya warke daga HIV, a Berlin a 2007. Amma kada ku rubuta cewa ba sa kamuwa sam, bairos mai bin CXCR4 zai iya shiga.

Akwai kuma masu cewa PR (protease), wuƙar bairos, ita ke raba gp160 zuwa gp120 da gp41. Wata wuƙa ce daban, furin, ta tantanin mutum. PR tana yanka doguwar sarƙar Gag zuwa p17 da p24 da p7 da p6 lokacin da bairos ke ɓallewa. Shi ya sa idan magani ya toshe ta bairos yakan fito, amma ɗanye, ba ya iya kama wani tantani.

Rev ba RT ba ne, kamannin suna ne kawai. RT daga pol yake, shi ke juya RNA zuwa DNA, kuma ba ya duba kuskurensa, abin da ke sa bairos saurin bijire wa magani. Rev kuwa yana fitar da dogon RNA daga cibiyar tantani, tat yana hura wutar kwafa. P24 da ake nema a gwajin zamani jikin bairos ne daga gag, ba martanin garkuwa ba. HIV-2, wanda ya fi yawa a Afirka ta Yamma, ba shi da vpu, vpx gare shi, kuma magungunan nevirapine da efavirenz ba sa cinsa.

Na ƙarshen ba a takarda yake tsayawa ba, har ɗakin duba marasa lafiya yake binku. Da zarar IN (integrase), wani furotin na bairos, ya dasa DNA ɗin bairos cikin na mutum, ya zauna ke nan muddin tantanin na raye, kuma wasu tantanin CD4 masu tunawa sukan yi shekaru suna barci da shi. Dolutegravir da ke cikin ƙwayar maganin HIV ta TLD yana hana sabuwar dasawa, tenofovir da lamivudine suna toshe RT, amma babu wanda ke tuge wanda aka riga aka dasa. Don haka idan takardar gwaji ta nuna ba a ga bairos a jini ba, kada bakinku ya suɓuce ku ce wa mara lafiya "ka warke". Idan ya ajiye magani, yawanci cikin 'yan makonni bairos zai sake bayyana a jininsa.