Yadda ake ɗebo gawayi daga rami don a san shekarunsa

Gawayin farko da na tura aka auna mini, sakamako ya dawo wai bai kai shekara 200 ba, alhali a ramin binciken kayan tarihi, ƙarƙashin fasasshiyar tukunya na zaro shi, a zurfin da ya kai min ƙugu. Na yi ta ƙunƙuni ina ɗora wa masu gwajin laifi. Da malaminmu ya duba zanen bangon ramin, sai ya ɗora yatsa a kan wata siririyar hanya mai duhu da ta gangaro daga sama. Ramin gafiya ne. Ita ta shigo da gawayin.

Abin da ake aunawa sinadarin kabon-14 ne. Tsiro yana samunsa daga iska, dabba da mutum su samu daga abinci. Ranar da rai ya fita, shigarsa ta tsaya, sai raguwa: rabi a duk shekara 5,730. Willard Libby na Jami'ar Shikago ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940. Abu ya haura shekara 50,000, ɗan abin da ya rage ba ya auno. Dutse kuwa ba ya cikin lissafi, sai abin da ya taɓa rayuwa.

To, me za ka ɗauka? Ido yana son ƙaton gawayi, amma kada ka biye masa. Idan daga cikin gangar tsohuwar bishiya ya fito, shekarun da itacen ya yi kafin a sare shi za su hau kan lissafinka. Nemi abin da ya rayu damina ɗaya: ƙwayar gero da ta ƙone, ɓawon atili, ɗan siririn reshe. Na'urorin yanzu ƙwaya ɗaya ma ta ishe su. Irin waɗannan ƙwayoyin gero masu binciken Jami'ar Frankfurt suka auna a wuraren tsohuwar al'adar Nok ta tsakiyar Najeriya, har tarihinta ya koma wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Samun ƙwayar ba wuya. Zuba ƙasar cikin bokitin ruwa mai tsabta, ka motsa a hankali da hannu. Yashi zai kwanta, abin da ya ƙone ya taso sama kamar ƙaiƙayi. Tace da ƙyalle mai laushi, ka ɗaure bakinsa, ka rataya a inuwa. Kada ka rufe shi da danshi, fumfuna za ta kama shi, ita kuma sabon kabon take kawowa.

Wanda ka gani a jikin rami, ɗauke shi da bakin cokalin gini, ka tsince saiwoyi, ka naɗe a takardar alminiyam, sannan leda. Ban da gam, ban da man shafawa, mai shan taba kuma ya matsa can nesa. Rubuta wurin, zurfin, shimfiɗar ƙasar da abin da ke kusa da shi, tun kana cikin ramin. "Zan tuna" ta kashe samfur da yawa.

Ƙashin kifi da bawon katantanwar ruwa sukan nuna tsufan da ya wuce nasu, don ruwa yana ɗauke da tsohon kabon. Haƙori kuwa ka adana shi da kyau: kabon-13, wani nau'in kabon da ke jikinsa, yana bambanta dabbar da ta yi kiwon ciyawa da wadda ta ci ganyen itatuwa, daga nan a gane ko wurin fili ne a da ko daji.

Idan sakamako ya zo, haruffan BP na nufin kafin 1950, ba kafin bana ba. Lambar kuma ɗanya ce, sai an daidaita ta da ma'aunin zobban da ke cikin gangar itatuwa, waɗanda ke ƙaruwa duk shekara, sannan ta ba ka tsakanin shekara kaza da kaza. In aljihu zai ɗauka, tura samfur biyu ko uku daga shimfiɗa ɗaya. Kwalekwalen Dufuna da wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, a jihar Yobe ta yau, ɗakunan gwaji biyu aka kai wa itacensa, kowanne ya auna nasa, kafin aka tsayar cewa ya kai kimanin shekara 8,000.