Yadda Nake Dawo da Kaifin Wuƙar Daji da Fata

Akwai wata wuƙar daji da na fi shekara goma ina riƙe da ita. In ka ajiye ta kusa da sabuwa irinta za ka ga ta rame, faɗinta ya ragu sosai wajen cikinta. Ni na cinye ta a kan dutse. Da na ji ta ɗan yi nauyi wajen yanka sai in jiƙa dutsen wasa in hau gogawa, alhali mafi yawan lokuta abin da take bukata bai wuce 'yan mintuna a kan fata ba. Har yau in na dube ta ina jin zafin ƙarfen da na zubar a banza, shi ya sa nake so in bayyana aikin fatar nan, wato jan bakin wuƙa a kan fata don dawo da kaifinsa, dalla-dalla ga duk mai fita daji da wuƙa a ƙugu.

Bakin wuƙa mai kaifi siriri ne ƙwarai, ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Idan ka yini kana feƙe busasshen itace, kana yanka igiya, kana sare ƙananan rassa, wannan siririn baki yakan lanƙwashe gefe kaɗan-kaɗan, ya ɗan goge. Ido ba ya gani, hannu ne yake ji. Haka kuma in ka gama wasa a dutse, akwai wani ɗan siririn ƙarfe da yake saura a maƙale a bakin, ya karkata zuwa ɓangaren da ba ka goga ba. Ni leɓe nake kiransa. In ka shafa yatsa a hankali daga bayan wuƙar zuwa bakinta, za ka ji ya ɗan kama fatar yatsanka. Wuƙa mai leɓe tana yanka kamar me a karon farko, sai leɓen ya kwanta ko ya ɓalle, ka ga ta dakushe tun ba a je ko'ina ba. Aikin fata shi ne ta cire wannan leɓe, ta share ƙarce-ƙarcen da dutse ya bari, ta daidaita bakin da ya fara lanƙwasa.

Amma kafin ka taɓa fata, duba wuƙar tukuna. Juya bakinta sama a ƙarƙashin fitila ko hasken rana, ka kalle shi a miƙe. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske. In ka ga wani siririn layi yana ƙyalli, ko ka ga giɓi, wannan ya wuce fata, sai dutse. Ka fara da dutse mai kaushi, mai lamba 400, in ɓarnar ta yi yawa, ka koma mai lamba 1000 wanda ya fi shi laushi, ka goga har sai ka ji leɓe ya fito tun daga gindi har tsini, sannan ka juya ɗaya gefen. Na ga mutane suna kwashe rabin awa suna jan dakusasshiyar wuƙa a kan fata, a ƙarshe su samu wuƙa mai sheƙi wadda ba ta yanka komai.

Haɗa fatar ba wuya. Nemi katako miƙaƙƙe wanda bai ƙandare ba, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗinsa 5 zuwa 7. Nemi ƙirgi mai tauri, kaurinsa milimita 2 zuwa 3, wanda aka jeme da ɓawon itace ko 'ya'yan itace, don shi ya fi tsayawa da ƙarfinsa. Fata mai laushi irin ta kujera ko jaka ba ta dace ba, bakin wuƙa nutsewa yake a cikinta, ita kuma ta naɗo ta shafe kaifin. Fata tana da fuska biyu, ta wajen gashi mai santsi da ta wajen nama mai kaushi. Ni nakan yanka biyu, in manna ɗaya a kowane gefen katakon: gefe ɗaya mai kaushin a waje, ɗaya gefen mai santsin a waje. Shafa gam siriri, ka danne da wani abu mai nauyi ya kwana, da safe ka datse abin da ya leƙo.

Fata zalla tana aiki, sai dai a hankali. Abin da ke sa ta ci ƙarfe shi ne kakin gogewa, wanda ake sayarwa a dunƙule kamar sandar sabulu. Koren shi aka fi sani, garin kuromiyom oksaid ne aka cuɗa da kaki, kuma mai kyau daga cikinsa ƙwayarsa ba ta wuce kusan rabin maikiron ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, ka ga irin laushin da ake magana. Akwai fari na aluminiyom oksaid, akwai baƙi wanda ya fi su kaushi. In guda ɗaya za ka saya, sayi kore. Ya ishi ƙarfen wuƙa mai kabon, wato mai iya tsatsa, irin wanda ake kira 1095, ya ishi wanda ba ya tsatsa irin wanda ake kira 12C27. Inda yake gazawa shi ne a kan ƙarafa masu yawan banadiyom, wani sinadari da ake garwayawa a ƙarfe, irin wanda ake kira S30V, don ƙwayoyin da ke cikinsu sun fi kakin tauri. Waɗannan sai man gogewa mai garin daimon, mai maikiron 1 ko rabi.

Goga kakin a gefen mai kaushi kamar yadda yaro ke shafa launi a takarda, sama-sama, har ka ga fatar ta yi kore-kore amma kana iya hango ta a ƙasa. In ya yi tauri ya ƙi kamawa, ɗan ɗumama fatar a rana. Kada ka lafta. Kaki mai yawa santsi yake yi, wuƙa ta riƙa sulɓewa a kansa. Kuma kowace fuska da kakinta, in ka haɗa mai kaushi da mai laushi a wuri ɗaya, mai kaushin ne zai yi mulki.

To, ga inda aikin yake. Ajiye katakon a kan tebur yadda ba zai motsa ba. Kwantar da wuƙar a kan fatar, ka ja ta baya, wato bayanta ne a gaba, bakin yana biye. Kullum haka. In ka tura ta baki a gaba kamar yadda ake yi a dutse, nan take za ta shiga fatar ta yanke ta. Masu aski da aska ma haka suke ja.

Karkatar da za ka riƙe ita ce wadda aka wasa wuƙar a kanta. Yawancin wuƙaƙen daji ana wasa su tsakanin digiri 20 zuwa 25 a kowane gefe. In ba ka da abin awo, tsayar da wuƙar cak a kan fatar, wannan 90 ke nan. Kwantar da ita rabi, 45. Ƙara kwantar da ita rabin wannan, ka zo wajen 22. Amma akwai dabarar da na fi so, don ita wuƙar ce da kanta take gaya maka. Kwantar da ita shimfiɗe a gefen fatar, ka ɗan tura ta gaba a hankali ba tare da dannawa ba, kana ɗaga bayanta kaɗan-kaɗan. Za a kai wani wuri da za ka ji bakin ya ɗan ciji fatar ya tsaya. Nan ne. Sauke bayan ɗan ƙiris daga nan, sai ka fara ja baya. In kana shakka, shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a gefen bakin, ka ja sau uku ka duba. In tawadar ta goge har ƙarshen baki, kana daidai. In ta goge a sama ta bar ƙarshen, ka kwanta da yawa.

Nauyin hannu shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane aiki, ni ma shi ya fi ba ni wahala. Zuciya tana gaya maka in ka danna za a fi saurin gamawa. Fata kuwa ba dutse ba ce, lotsawa take. In ka danna, sai ta tashi a bayan bakin kamar yadda katifa ke tashi a gefen gwiwa, ta lashe ƙarshen kaifin ta mulmule shi. Na taɓa gama wasa wata wuƙa har tana aske gashi, na hau fata da ƙarfina don in ƙara mata, bayan ja talatin ta daina askewa. Ban gane dalili ba sai da na sake gwadawa da hannu sake. Nauyin wuƙar da ɗan abin da bai kai ya kawo ba na yatsu biyu, shi ke nan. Ka kasa kunne kuma. In karkatar ta yi daidai za ka ji wani sauti mai laushi, shuu, kamar ana jan ƙyalle a kan tebur. In ka ji ƙarar karta, ka ɗaga bayan da yawa. In ba ka ji komai ba, bakin bai taɓa fatar ba.

Kuskure na biyu yana zuwa ne a ƙarshen ja. Hannu yakan so ya murɗa wuƙar sama yayin da take barin fatar, kamar mai kwasar wani abu. Wannan murɗawar kaɗai ta isa ta rusa duk abin da ka yi. In ka kai ƙarshe, tsaya cak, ɗaga wuƙar sama a miƙe, sannan ka juya ta a iska.

Wajen cikin wuƙa da tsininta, inda bakin ya lanƙwasa, sai ka riƙa ɗaga ƙotar kaɗan kana kewayawa da ita yayin da kake ja, don lanƙwasar ta samu fata. Ka fara daga gindi ka ƙare a tsini cikin ja ɗaya, amma kada ka bari tsinin ya zame ya faɗa daga gefen katakon, yana dakusar da shi. Nakan yi ja 15 zuwa 20 a gefe ɗaya, in yi haka a ɗayan, sannan in koma ɗaya nan ɗaya can kamar sau goma, kowane ja ya fi na baya sauƙi. Daga nan in juya katakon zuwa fuska mai santsi wadda ba kaki, in yi ja biyar ko shida.

Siffar bakin tana ɗan sauya yadda ake yi. Wuƙaƙen Mora na ƙasar Suwidin da ire-irensu suna da faffaɗan gangare guda ɗaya da ya sauka kai tsaye zuwa baki. Su ba sai ka nemi karkata ba, kwantar da gangaren duka a kan fatar ka ja, sai dai a nan ne taurin fata ya fi muhimmanci, don mai laushi tana mulmule wannan gangare a hankali har ya daina cin itace yadda ya saba. Masu baki mai tudu kamar bayan cokali, irin na kamfanin wuƙa na Fällkniven, su kuwa kamar don fata aka yi su, ɗan lotsawar da take yi tana bin tudun daidai.

Gwaji kuma, ɗauki takardar jarida ka riƙe ta a iska, ka ja wuƙar a gefenta tun daga gindi har tsini. Inda ta sarƙe ko ta yaga, nan ne ya rage. Gashin damtse ma ana gwadawa, amma a hankali, kuma kada ka taɓa jan yatsa a tsawon baki.

Wani abu da ba kowa zai yarda da ni ba: sheƙi ba shi ne komai ba. Wuƙar da aka goge har kana ganin fuskarka a gangarenta tana da daɗin feƙe itace, tana fitar da siraran ɓawo masu naɗewa irin waɗanda ake kunna wuta da su. Amma a kan igiyar roba ko ɗanyar jijiyar itace takan sulɓe, don ba ta da haƙora. Wadda nake yanka igiya da ita, daga dutse mai lamba 1000 ja biyar kawai nake mata a kowane gefe, iya abin da zai cire leɓe ya bar mata ɗan kaushinta. Ta sassaƙa ce nake zauna wa.

Bayan 'yan kwanaki za ka ga fatar ta yi baƙi. Kada ka damu, ƙarfen da ta ci ne, alamar tana aiki. Sai ta yi ƙyalli ta yi santsi sannan za ka kankare ta da bayan wuƙa, ka sake shafa kaki. In ka yanke ta bisa kuskure, manne wurin da gam ka bi da samfefa mai laushi, sannan ka kakkaɓe ta sosai kada ƙwayar samfefar ta saura. Babban abokin gabarta yashi ne. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale a cikin kakin za ta riƙa zana layi a kan duk wuƙar da ta bi ta wurin, don haka tawa a cikin leda take kwana.

In zan fita na kwanaki, ba na ɗaukar babban katakon. Ina da ɗan ƙarami mai tsawon tafin hannu da na riga na shafa wa kaki, yana cikin aljihun jaka. Da yamma in an gama aiki sai in wanke wuƙar, musamman in ta taɓa ƙaron itace, in tsane ta sarai, in ɗora ɗan katakon a gwiwa in yi mata ja goma-goma. Ranar da na manta da shi kuwa, bel ɗin fata na ƙuguna nake cirewa, in shimfiɗa cikinsa a kan wani miƙaƙƙen gungume don kada ya lotsa, in ja a hankali. In ƙarfen mai kabon ne, sai in ɗiga masa mai kaɗan in shafa da tsumma kafin in mayar da wuƙar kube, kuma in kuben ya jiƙe ba na sa ta ciki sai ya bushe.